Saƙon da ya ce za a rufe maka asusu cikin awa 24

Wani bawan Allah daga wani ƙauye a ƙasar Gumel ya aiko da tambaya. Yana sayen riɗi da zoɓo a hannun manoma, yana kuma da 'yar rumfar POS a ƙofar gida. Ya ce ranar Laraba da daddare, yana shirin cin kasuwar Maigatari washegari, sai saƙon imel ya shigo masa ɗauke da tambarin kamfanin da yake ajiye kuɗi a manhajarsa, wai za a rufe asusunsa cikin awa 24 idan bai sabunta BVN da NIN ba. Ya danna inda aka ce ya danna, ya rubuta lambar wayarsa da kalmar sirrinsa. Da shafin ya nemi lambar da aka turo masa ta tes, sai gabansa ya faɗi, ya fita. Yana son ya san ko saƙon na gaskiya ne, ko kuɗinsa na cikin haɗari, da kuma yadda mutum zai riƙa bambance na gaskiya da na bogi.

Malam, wa alaikumus salam. Saƙon nan na 'yan damfara ne, ba ni da kokwanto ko kaɗan, kuma Allah ne ya tsare da ka tsaya a inda ka tsaya. Amma kafin ka ƙarasa karanta amsar nan akwai aikin da ba ya jira, domin kalmar sirrinka tana hannunsu yanzu haka. Buɗe manhajar kamfanin da ke cikin wayarka, wadda ka saba shiga kullum, ka canza kalmar sirrin, ka canza fin ɗin da kake tura kuɗi da shi, sannan ka duba shige da ficen kuɗi tun daga daren Laraba. Idan da wannan kalmar sirrin kake shiga imel ɗinka ko Facebook, kamar yadda da yawa ke yi don gudun mantuwa, su ma a canza, kuma ka fara da imel ɗin, don ta nan ake sake saita sauran. Je ka yi wannan tukuna, sai ka dawo mu ci gaba.

Na yi shekaru a teburin karɓar koke na wani banki a Kano, daga baya na koma horar da masu POS a ƙauyukan Kano da Jigawa. Abin da zaman teburin nan ya koya mini shi ne, cikin waɗanda suka zo mini suna kuka da wuya ka sami wanda aka fasa wa asusu da ƙarfin na'ura. Yawancinsu da hannunsu suka miƙa mukulli, ba don wauta ba, sai don an tsorata su a daidai lokacin da ba su da sukunin tunani. Kai ma duba lokacin da naka ya zo. Dare ne, gobe kasuwa, jarinka duk yana ciki, babu ofishin da yake buɗe balle ka tambaya.

Bari in faɗa maka abin da yake faruwa a bayan shafin da ka shiga, don wanda ya gane wannan ya gane rabin maganar. Turawa suna kiran wannan damfara fishin, daga kalmarsu ta kamun kifi, wato a soka tana a ƙugiya a jefa a jira. Shafin nan kwaikwayon na kamfanin ne kawai, babu komai a bayansa sai wani mutum ko wata na'ura da ke kwashe duk abin da ka rubuta. Kana rubuta lambar waya da kalmar sirri, shi kuma yana zuba su a manhajar gaskiya a tasa wayar. Kamfanin ya ga ana neman shiga asusunka daga baƙuwar waya, sai ya turo lambar tabbatarwa, wadda ake kira OTP, zuwa layinka, don ya tabbata kai ne. To a nan mutane ke rikicewa. Lambar ta gaskiya ce, daga kamfanin gaskiya ta fito, har ma takan faɗo a ƙarƙashin tsofaffin saƙonninsa, sai mutum ya ce ai ga shaida. Alhali ɓarawon ne ya jawo aka turo ta, kuma ita kaɗai ta rage masa. Ba ta wuce 'yan mintuna take lalacewa, shi ya sa shafin ke azalzalar ka. Da ka rubuta ta, da yanzu wata maganar muke yi.

Me ya sa zancen BVN da NIN suka zaɓa? Saboda mun sha ganin an rufe da gaske. Tun ƙarshen 2020 ake ta fama da haɗa layin waya da NIN, kuma mutane da yawa sun wayi gari layinsu ba ya kira. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, tsabar kuɗi ta ɓace a kasuwanni, dattijon da bai taɓa riƙe katin banki ba sai da ya buɗe asusu a waya don ya sayar da akuyarsa. Sai kuma a Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarni cewa kowane asusu sai an haɗa shi da BVN ko NIN, wanda bai haɗa ba zuwa Maris 2024 a hana fitar da kuɗi daga ciki. Duk wannan gaskiya ne, kuma a kansa maƙaryacin ya kafa rumfarsa. Idan kamfani yana buƙatar ka sabunta wani bayani, a cikin manhajarsa za ka ga sanarwar, ko a reshe, ko wajen wakilinsa da ka sani. Babu bankin gaskiya ko kamfanin hada-hadar kuɗi, ko OPay ne, ko PalmPay, ko Moniepoint, ko wanin su, da zai nemi ka aiko masa da fin ɗinka, ko OTP, ko lambobi ukun nan da ke bayan katin ATM, ta imel ko ta waya ko ta WhatsApp. Ma'aikacinsu ma ba shi da izinin sanin su. Ni da na zauna a teburin banki ban taɓa ganin fin ɗin kowa a kwamfutata ba, kuma babu aikin da na taɓa yi wa kwastoma wanda ya buƙaci in sani.

Yanzu ga yadda za ka binciki saƙon da kanka. Sunan da ke fitowa a saman imel, kowa zai iya rubuta abin da ya ga dama a wurin, kamar yadda kowa zai iya rubuta sunan kamfani a jikin allon shago. Taɓa sunan, cikakken adireshin zai bayyana. Abin da ke bayan alamar @ shi ne gidan da saƙon ya fito. Idan ka ga gmail.com ko yahoo.com a wurin, magana ta ƙare, kamfanin kuɗi ba ya aika wa kwastomominsa wasiƙa da adireshin kyauta irin nawa da naka.

Shi kuma linki, wato shuɗin rubutun nan ko maɓallin da ake cewa ka danna, ɗora yatsa a kansa ka riƙe ba tare da ka saki ba, wayar za ta nuna maka ainihin inda zai kai ka. Karanta shi yana da ƙa'ida. Ka tsallake https:// da ke farko, ka nemi sandar nan mai karkata, /, ta farko da ta biyo baya, sannan ka karanta abin da ke gabanta kai tsaye. Wannan shi ne mai gidan. Ɗauki PayPal misali, wani kamfanin hada-hadar kuɗi ta intanet na ƙasar waje, wanda adireshinsa paypal.com ne. Idan ka ga paypal.com/ to gidansu ne. Idan kuwa ka ga wani abu kamar paypal.com.sabunta-asusu.xyz/ to mai gidan shi ne sabunta-asusu.xyz, sunan PayPal ɗin ado ne aka liƙa a gaba. Wani lokaci harafi ɗaya suke musanyawa, su sa lamba 1 a madadin harafin l, ko su haɗa r da n su yi kama da m. A ƙaramin gilashin waya, da dare, ido a gajiye, wa zai lura? Kama da wane ba ta wane. Alamar kwaɗon nan kuma da kan fito kusa da adireshi a wasu manhajojin shiga intanet, wadda aka taɓa koya wa mutane cewa ita ce shaidar aminci, abin da take nufi kawai shi ne wani na uku ba zai leƙa abin da ke tsakaninka da shafin ba. Ba ta ce mai shafin mutumin kirki ne ba, kuma shafukan damfara ma suna da ita.

Duk da na koya maka wannan, ba na so ka dogara da shi. Da can mukan ce a duba gurɓataccen Turanci da tambarin da ya karkace. Yanzu suna rubutu tsaf, suna kwafo tambari daidai, wani ma ya ambaci cikakken sunanka don ya samo shi daga wani wuri. Akwai dabarun da ke sa adireshin mai aikowa ya yi kama da na gaskiya. A PayPal har akwai masu amfani da tsarin kamfanin na aika takardar neman biya, saƙon ya fito daga adireshin gaskiya, amma a ciki sun rubuta cewa an cire maka kuɗi, ka kira lamba kaza a soke, lambar kuwa tasu ce. Saboda haka dokar da nake ba masu POS da nake horarwa guda ɗaya ce, kuma ba ta buƙatar iya Turanci. Duk saƙon da ya zo maka a kan kuɗinka, kada ka bi ta ƙofar da ya buɗe maka. Kada ka danna linkinsa, kada ka kira lambar da ke cikinsa, kada ka buɗe takardar da ya maƙalo. Rufe shi, ka shiga ta ƙofar da ka sani, wato manhajar da ke wayarka, ko lambar da ke bayan katinka, ko reshe. In da gaske akwai matsala za ka tarar da ita a can. In ba ka tarar ba, to babu ita.

Ka kuma shirya wa kiran waya, don ina kyautata zaton zai zo. Suna da lambarka, sun kuma san ka kusa faɗawa. Wani zai kira da murya mai ladabi, wataƙila da Hausa tsantsa, ya yi maka sallama, ya kira ka Alhaji, ya ce daga sashen tsaro na kamfani yake, sun ga wasu na ƙoƙarin shiga asusunka, zai turo maka lamba ka karanto masa don ya toshe su. Yana iya faɗa maka ranar haihuwarka ko wani ɓangare na BVN ɗinka don ka saki jiki. Sanin waɗannan ba shaidar komai ba ne. Kada ka tsaya musu da shi, kada ka tsaya gwada shi da tambayoyi, sana'arsa ke nan, ya fi ka iya zance. Kashe wayar kawai.

Akwai wata hajiya da ba na mantawa da ita, uwar adashe ce a wani ƙauye ta wajen Wudil. Kuɗin zubin mata kusan ashirin ne a asusunta. An kira ta da irin wannan zance ana saura kwana biyu kwasa, ta karanto lambar, don a tunaninta amanar mutane take karewa. Sai da ta kwana uku ba ta gaya wa kowa ba saboda kunya, tana ta addu'a ko kuɗin za su dawo. Da ta iso gabana an riga an rarraba su zuwa asusu daban-daban an kwashe. Har yau in na tuna yadda ta riƙa cewa "da wane ido zan kalle su" sai raina ya ɓaci. Ban ga laifinta ba. Kwana ukun nan ne suka fi ci mini rai, domin da a cikin awar farko ta zo, da akwai abin da za a gwada.

To idan har kuɗi sun fita, ga abin yi, kuma da gaggawa. A fara toshe asusun. Bankuna da yawa suna da lambar da ake dannawa ko daga wayar wani, misali Access *901*911#, Zenith kuma *966*911#. Kamfanonin manhaja su ma suna da tasu hanyar, sai ka nemi ta naka a cikin manhajar ko wajen wakilinsu tun yau, kafin ranar buƙata. Daga nan a sanar da kamfanin ta hanyarsa ta gaskiya cewa damfara ce, a ba su lokacin da kuɗin suka fita, da adadinsu, da sunan asusun da suka faɗa, da lambar shaidar taransifar, a roƙi su tuntuɓi bankin da ya karɓa a riƙe kuɗin. Ka karɓi lambar kokenka ka adana. Kada ka goge saƙon, ɗauki hotonsa da na adireshin da ya aiko shi. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda, domin sau da yawa kafin a dawo da kuɗin da aka riƙe sai an nemi takardarsu, wani lokaci har da umarnin kotu. Idan mako biyu ya wuce kamfanin bai yi komai a kan koken ba, kana da damar kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki, a adireshin cpd@cbn.gov.ng, tare da lambar koken. EFCC ma tana karɓar irin wannan ƙara. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta ambaci wannan damfara da sunanta, ta tanadar mata ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1, ko duka biyun.

Ba zan ɓoye maka ba, ba kullum kuɗi ke dawowa ba, musamman idan an riga an cire su a tsaba. Kuma a nan ne kashi na biyu na ɓarayin ke fitowa, masu cewa su ƙwararru ne wajen dawo da kuɗin da aka sace, ka biya kaza su fara aiki. Ka rubuta kokenka a ƙarƙashin shafin kamfani a Facebook ka gani, nan da nan wasu masu tambarin kamfanin za su biyo ka ta saƙon sirri. Kada ka kula su. Wanda aka sara sau ɗaya shi suka fi nema, don sun san hankalinsa a tashe yake.

Tunda kai ɗan kasuwa ne, akwai wani nau'in da ya fi kusa da kai fiye da na rufe asusu, shi ne saƙon da ke cewa an biya ka. Mutum ya ɗora buhunan riɗi a mota, ya ce ya tura, sai ga alat ya shigo ta tes ko ta imel, da sunan banki da adadin kuɗi daidai. Ko ya nuna maka rasit a gilashin wayarsa. Alat rubutu ne, ana iya ƙirƙirar sa. Kuɗi kuwa sai ka buɗe manhajarka ka ga balas ya ƙaru. Masu sayar da kaya ga 'yan ƙasar waje, irin su huluna da kayan fata, su kuma akan turo musu imel da sunan PayPal wai kuɗi sun iso amma an riƙe, sai sun aika kaya sun turo lambar aikawa, ko sun biya wani kuɗin buɗe asusu. Akwai kuma mai cewa ya yi kuskure ya turo fiye da kima, ka mayar masa da ragowar, alhali ko sisi bai shigo ba. Duk maganinsu ɗaya ne, a duba cikin asusu. Na san a kasuwa akwai jin nauyi, mutum da girmansa ya ce ya tura, ka ce sai ka duba, kamar ka ƙaryata shi. Ka mayar da shi ƙa'idar rumfarka ga kowa da kowa, har ɗan'uwanka, sai ya daina zama zargi. In sabis ya ɗauke, kaya su jira sabis.

Wani abin da ke damuna a ƙauyukanmu shi ne yadda aka buɗe yawancin imel ɗin tun farko. An sayi waya, an miƙa wa yaron shagon caji ko mai tura waƙoƙi ya saita ta, shi ya zaɓi adireshin, shi ya zaɓi kalmar sirrin, sau da yawa lambar wayar mai ita ce ko shekarar haihuwarsa. Mai wayar bai ma san yana da imel ba. Ba ina zargin yaran nan ba ne, yawancinsu taimako suke yi. Amma sirrin da mutum biyu suka sani, kuma kowa zai iya cankar sa, ba ya tsare dukiya. Idan haka naka yake, canza shi da hannunka, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Gmail, yadda ko an san kalmar sirrin sai an nemi izini daga wayarka. Haka iyayenmu mata da matan gida, waɗanda sukan miƙa waya a karanta musu saƙo. A gaya musu da baki, a kuma maimaita, cewa lambar da ta shigo waya ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga banki yake, ko daga ofishin tallafin gwamnati.

Manhaja kuma daga Play Store kaɗai za ka sauke ta, ko App Store in iPhone ce. Wadda aka turo maka ta WhatsApp ko ta imel wai sabuwar fitowa ce, ko ta neman bashi, ko ta rajistar tallafi, tana iya neman izinin karanta saƙonninka, ka ba ta ba ka sani ba, daga nan OTP ɗinka ba sai an tambaye ka ba. Idan shafin daren Laraba ya sa ka sauke wani abu, cire shi yanzu, ka kuma sake canza kalmar sirrin bayan ka cire.

Shi saƙon kansa, bayan ka ɗauki hotonsa, kada ka ba shi amsa ko da ta zagi ce, amsa tana tabbatar musu adireshin yana da mai shi. Tura hoton ga kamfanin ta sashen taimako na cikin manhaja, sannan ka danna ɗigo ukun da ke saman saƙon a Gmail ka kai rahotonsa a matsayin saƙon banza. Wanda aka kwaikwayi PayPal a nasa, kamfanin yana karɓar irin waɗannan a phishing@paypal.com.

Saura layinka. Duk tsaron nan a kan sim yake tsaye, tunda can OTP ke zuwa, kuma wanda ya tsinci wayarka ko ya zare ta a cunkoson kasuwa zai iya cire sim ɗin ya sa a wata wayar, ya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka. Shiga saitin wayar ka sa wa sim ɗin fin nasa na kansa, amma a yi a hankali, kuskure uku yana kulle shi sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka yanko sim ɗin. Idan kuma wata rana sabis ya ɗauke a wayarka kai kaɗai, na kusa da kai masu irin layinka suna kira lafiya, kada ka ce gobe. Toshe asusun tukuna, sannan ka nufi ofishin kamfanin layin ka bincika ko wani ya yi walkam-bak da lambarka, wato ya karɓi sabon sim mai ɗauke da ita. Lambar toshe asusun da lambar kiran kamfanin, rubuta su da biro a bangon littafin da kake lissafin POS, ba a cikin wayar ba, ka kuma nuna wa yaron da ke zama a rumfar ranar da ka tafi Maigatari.